Yadda muka raba tsohon gidan jere na Baltimore ya zama fulat uku

Gidan da muka yi wa aiki yana cikin wata unguwar tarihi a birnin Baltimore, jihar Maryland ta Amurka. Irin gidajen nan ne na jan bulo da ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabcin dama, ɗaya tsakaninka da na hagu. An gina shi a shekarun 1880 domin iyali guda: hawa uku da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa ƙafa 20, tsawonsa daga titi zuwa baya kusan ƙafa 65. Sashen baya ya fi na gaba tsukewa, an bar ɗan lungu a gefensa domin haske ya shiga. Abin da aka nema shi ne fulat uku, kowane hawa da nasa, fuskar gidan kuma ta zauna yadda take.

A irin wannan gida abu biyu ne ke yanke tsarin komai, matakala da babban bututun masai. Inda suka tsaya, nan ɗakuna za su bi. Wanda ya fara da zanen falo da kicin kafin ya san matsayin waɗannan biyun, zai zana ya goge har fensir ya ƙare.

Kafin a ɗaga guduma

Farkon abin da lauya ya duba mana shi ne ƙasar da gidan yake kai. A Baltimore akwai tsohon tsari na mallakar gini ba tare da mallakar filinsa ba: mai gida yana biyan ɗan kuɗin hayar ƙasa duk shekara, bisa yarjejeniyar shekara 99 mai sabuntuwa. Kuɗin ba yawa, kuma doka ta ba da damar fansar filin, amma banki ba ya son ganin sa a rataye. Sai dokar tsara birni. Gidan da ke rubuce a matsayin na iyali ɗaya ba ya komawa na iyali uku don mai shi ya ga dama. Ana duba shiyyar da yake, faɗin filin da girman kowane fulat kafin a amince.

Lamba uku ɗin nan tana da nauyi. Gida mai sashe ɗaya ko biyu yana ƙarƙashin ƙaramin kundin dokar gini na gidajen zama. Da ya kai uku, ya koma babban kundi, wanda ke neman famfunan kashe gobara a silin, da rabuwa mai jure wuta tsakanin sashe da sashe, da ma'aunin tare ƙara. A ganinmu duk gidan da faɗinsa bai kai ƙafa 16 ba, gara a tsaya a kan fulat biyu, don matakala da bangon da za a kewaye ta da shi za su cinye abin da ya rage.

Hukumar adana gine-ginen tarihi ta birnin, CHAP, wadda aka kafa a 1964, ita ke amincewa da duk wani aiki a jikin gida ta waje a unguwannin da ke hannunta: taga, ƙofa, kwaɓin bulo, har launin fenti. Gwamnatin tarayya kuma tana da rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran da ya cancanta, ga ginin tarihi da za a bayar haya. Tun dokar haraji ta 2017 ana cin rangwamen ne a rarrabe cikin shekara biyar. Takardar nemansa kashi uku ce: na farko yana tabbatar da cewa ginin na tarihi ne, na biyu yana bayyana aikin da za a yi, na uku ana cike shi bayan an gama. Tana bi ta Maryland Historical Trust, hukumar adana tarihi ta jihar, ta wuce zuwa National Park Service, hukumar tarayya, kuma su har cikin gida suke dubawa, ba fuska kaɗai ba. Birnin ma yana da nasa sassaucin harajin gida na shekara goma, da sharaɗin a nema kafin a fara aiki. Wanda ya rushe bango sannan ya je nema, ya makara.

Don haka muka ɗauki hoton kowane bango, kowace ƙofa, kowane adon silin, aka sa wa hotunan lamba, aka nuna a kan zane inda mai hoto ya tsaya da inda ya fuskanta.

Dalma da asbestos

Baltimore ta hana fenti mai dalma a cikin gidaje tun 1951, ƙasar baki ɗaya kuma a 1978, to amma gidan da ya girmi dokokin biyu da fiye da shekara sittin ya riga ya sha shi, shafe kan shafe. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. An kawo mai gwaji da na'urarsa, ya bi tagogi, ƙofofi, katakon gindin bango da hannun matakala. Tun 2010 dokar tarayya ta wajabta cewa ɗan kwangilar da zai taɓa fenti a gidan da ya girmi 1978 ya kasance mai takardar horo. A aikace ma'anarsa leda mai kauri a ƙasa da bakin ƙofofi, jiƙa wuri kafin a kankare, injin zuƙar ƙura mai matatar musamman, ban da gogawa a bushe, ban da ƙona fenti da wuta.

Asbestos ya fito a wurare biyu da aka saba samunsa: farin naɗin da ke jikin bututun ɗumama gida a ƙasa, da tsofaffin tayil masu inci 9 a kowane gefe tare da baƙin gam ɗin da ke ƙarƙashinsu. Wannan aikin kamfani mai lasisi ne, su suka fara shiga, kowa ya jira.

Azara

Daɓen kowane hawa yana kwance a kan azarar katako, kaurin inci 3, zurfin inci 10, tsakanin ɗaya da ɗaya inci 16. Sun taso daga bangon maƙwabcin dama zuwa na hagu, kan kowace yana zaune cikin rami a jikin bulo, zurfin inci uku zuwa huɗu. Nauyin gidan gaba ɗaya a kan waɗannan bangaye biyu yake. Bangon gaba da na baya kansu kawai suke ɗauke da shi.

Mun ɗaga katakon daɓe layi biyu a kowane gefe, injiniya ya bi kan azara ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe. Mai lafiya tana hana tsinken shiga. A kusurwar baya ta hawa na uku, ƙarƙashin inda ruwan rufi ke taruwa, tsinken ya nutse har marikinsa, da aka zaro sai ga garin katako ja-ja-ja yana zuba. Daga sama azarar ba ta nuna komai, ruɓewar duk tana cikin ramin bulon, inda danshi ya shige ya rasa hanyar fita.

Ɓarna ta biyu hannun mutum ne. Birnin bai samu magudanar ƙazanta ta zamani ba sai wajen 1911, wato banɗakin da ke cikin gidan daga baya aka cusa shi. Masu famfon lokacin sun sassaƙe azara uku a jere, kowace fiye da rabin zurfinta, don bututu ya wuce. Daɓen wurin ya lotsa da kusan inci biyu. Ƙa'idar yau ita ce rami a jikin azara kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfinta, kuma ya nisanci gefen sama da na ƙasa da inci biyu. Yanka daga gefe kada ya wuce ɗaya cikin shida, kuma ba a yin sa sam a tsakiyar tsawonta.

Gyaran shi ne a yi wa kowace mai rauni abokiya. Ana tokare daɓen daga ƙasa, tun daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ana hawa, ginshiƙi kan ginshiƙi. Ana ɗagawa da jak a hankali, kamar ɗaya bisa takwas na inci a rana, don tsohuwar filasta ba ta jure gaggawa. Sai a shigar da sabon katako mai matse-matsen falle, tsawonsa daga bango zuwa bango, a ɗaure shi da tsohuwar da noti mai kaurin rabin inci, ɗaya sama ɗaya ƙasa, duk inci 16. Kan sabon katakon ba ya taɓa bulo kai tsaye: an naɗe shi da abin tare danshi, an bar ɗan sarari iska ta zaga. Ba mu nemi daɓe ya koma lebur sak ba. Gidan da ya shekara ɗari da arba'in ya zauna a yadda ya zauna, ƙofofinsa da matakalarsa sun bi wannan zaman, in ka tilasta masa sai ka fasa abin da kake son adanawa.

Fuskar gida da kwaɓinta

Tunda azara suna tafiya ne a layi ɗaya da bangon gaba, kusan babu abin da ya riƙe bangon nan ga jikin gida. Shekara da shekaru sai ya fara turo ciki waje. An saki igiya mai nauyi daga rawanin gini, aka ga a hawa na biyu bangon ya fito da inci ɗaya da rabi. Injiniya ya ce bai kai a sauke shi ba. Maganinsa shi ne taurarin ƙarfen nan da ake gani a fuskar tsofaffin gidajen Baltimore da Philadelphia, waɗanda baƙo ke ɗauka ado ne. Ana huda bango, a zura rodi mai zare, kaurin uku bisa huɗu na inci, ya ratsa azara uku na farko, a cike tsakaninsu da guntayen katako masu kauri don su zama abu guda, a ɗaura tauraro a waje. Ana ɗaure notin ne ya kama kawai. Manufa a tsayar da bangon inda yake. Wanda ya ce zai ja shi ya koma, zai tsaga bulo.

Mun yi sa'a gidan bai sha Formstone ba, wato filastar nan mai kama da dutse da aka yi wa rajista a Baltimore a 1937, aka lulluɓe dubban gidajen jere da ita a kan ragar ƙarfe da aka kafe da ƙusoshi. Cire ta yakan bar bulo da ramuka. Abin da muka tarar shi ne an taɓa cike layukan bulon hawa na farko da siminti tsantsa, kuma a nan ne kawai fuskar bulo ta ɓare.

Dalilin a bayyane yake. Tsohon bulo mai laushi ne, an gina shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda ya fi shi laushi. Ruwan da ya shiga bango ta layin kwaɓi yake fita, in gini ya motsa kwaɓin ke bayarwa. Siminti ya fi bulon ƙarfi kuma ba ya barin danshi ya wuce, sai ruwan ya koma fita ta jikin bulo, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar ta ɓalle. Duk wanda ya ga yadda filastar siminti ke kumbura ta zube daga jikin ginin ƙasa a Kano ko Damagaram, ta tafi da naman bangon, ya san ciwon.

An yashe layukan zurfin ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗinsu. Layukan fuskar gidan sirara ne, wasu ba su wuce ɗaya bisa takwas na inci ba, don haka giranda ba ta shiga ba, da hannu aka yi. A bangon baya mun yi amfani da haɗin awo ɗaya na siminti, biyu na farar ƙasa, tara na yashi. A fuska, farar ƙasa da lallausan yashi. An yi gwaji a ɗan wuri, aka bar shi ya bushe, jami'in hukuma ya zo ya duba launi kafin a ci gaba. Birkila yana jiƙa layin, ya cusa kwaɓi kaurin kwata na inci, ya jira. Sai ya danna babban yatsansa: in ya bar shaida ba tare da kwaɓin ya manne masa ba, ya ƙara wani. Ana rufe bangon da jiƙaƙƙen buhu na kwana biyu zuwa uku, kuma ba a wannan aiki in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin salshiyos. Wanke bulo da ruwa ne da buroshi mai laushi. Fesa masa yashi da inji yana cire ɓawon da wuta ta gasa, kuma shi kaɗai ya isa a hana ka rangwamen haraji. Matakalar ƙofar gida ta farin dutsen mabul, irin wanda aka riƙa haƙowa a Cockeysville, ita ma ba a kai mata asid.

Rufin an kankare shi har katako, don an tarar da shimfiɗar kwalta kan kwalta, aka sa sabon rufin roba, aka faɗaɗa indararon baya.

Matakala

Matakala ɗaya ce, tana jikin bangon hagu, da zaure a gabanta. Doka ta yarda da hanyar fita guda ga gidan haya da bai wuce hawa uku ba, in akwai famfunan kashe gobara kuma nisan tafiya bai wuce ƙafa 125 ba. Masu rangwamen haraji kuma suna ɗaukar zaure, matakala da babban falon gaba a matsayin ran gidan: ba a rage tsayin silinsu, ba a yanka falon biyu, ba a sauya wa matakala wuri.

Sai muka bar ta a matsayin hanyar kowa, ƙofar kowane fulat tana buɗewa a kanta. Abin lura shi ne lissafin hawa. Matakalar da ta haɗa hawa huɗu tana neman bango mai jure wuta na awa biyu, ƙasa da haka awa ɗaya, kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana shiga lissafi. Mun toshe saukar da ke ƙarƙashin matakalar, aka mai da shiga ƙasa ta bayan gida, lissafi ya koma uku. Kundin gyaran tsofaffin gine-gine yana da babi na musamman ga na tarihi, shi ya ba da damar barin hannun matakala na asali duk da bai kai tsayin na yau ba. Irin wannan sassauci ana zama da jami'in duba gini a kansa tun a kan zane, a samu amincewarsa a rubuce. Ƙofofin fulat sababbi ne masu jure wuta, masu rufe kansu, an yi musu fuska irin ta tsofaffin. Tsofaffin kuma an mai da su ɗakunan ciki.

Gidan jere haske ta gaba da ta baya kawai yake samu, tsakiya duhu. Doka tana neman gilashin taga ya kai kashi 8 cikin 100 na faɗin ɗakin zama, ɗakin kwana kuma ya samu tagar tsira: buɗewarta murabba'in ƙafa 5.7, tsayi aƙalla inci 24, faɗi inci 20, gindinta kada ya fi inci 44 daga daɓe. Tsarin ya fito da kansa, falo a gaba, ɗakunan kwana a baya, kicin da banɗaki a tsakiya.

Bututu

A nan ne lissafi ke tsananta. Bututun masai inci 3 ne a ciki, inci uku da rabi a waje. Azara mai zurfin inci 10 ramin da ya halatta a jikinta bai kai uku da rabi ba. Ke nan bututun masai ba zai iya ratsa azara ba, sai dai ya bi tsakanin biyu, wato daga gefe zuwa gefe. Ga kuma gangara: ƙananan bututu kwata na inci a kowace ƙafa, manya ɗaya bisa takwas aƙalla.

Saboda haka muka tsayar da babban bututu guda mai inci 4 a jikin bangon dama, daga ƙasa har ya huda rufi, aka jera banɗakunan uku kai da kai, kowane masai yana cikin sararin azara ɗaya da babban bututun. Kicin yana bayan bangon banɗaki, suna cin bango ɗaya mai kaurin inci 6. Inda dole ƙaramin bututu ya yi gaba ko baya, an sauke silin ɗin banɗakin da ke ƙasa, ya wuce ta ƙarƙashin azara. Hawa na farko tsayinsa ya kusa ƙafa 12, akwai wurin yin haka ba tare da an ji ba.

Babban bututun na baƙin ƙarfen zubi muka sa, ba roba ba. Ya fi tsada, amma na roba duk sanda na sama ya ja ruwa na ƙasa sai ya ji. Inda bututun roba ya ratsa daɓe, an ɗaura masa abin wuya mai kumbura idan ya ji wuta, ya toshe ramin in robar ta narke. Tsohon bututun da ya fita zuwa magudanar titi na gasasshen yumɓu ne. An zura kyamara, aka ga saiwar bishiya ta shiga ta mahaɗa, aka sauya shi. Ruwan rufi ba ya shiga cikinsa, don Baltimore ta raba magudanar ruwan sama da ta ƙazanta.

Wuta da ƙara

Tsakanin fulat da fulat ana neman jure wuta na awa ɗaya, da maki 50 a ma'aunin tare ƙarar murya, da 50 a na takun ƙafa. Aiki ɗaya ke biyan buƙatun biyu. An cusa audugar dutse, wato abin tare wuta da ƙara mai kama da auduga, tsakanin azara, aka kafa siraran ƙarafa masu lanƙwasa a gicciye da azara, sannan allon jifsam mai jure wuta, kaurin biyar bisa takwas na inci, a jikin ƙarafan.

Ƙaramin abu ne ke lalata shi. Ƙarfen zurfinsa rabin inci, allon biyar bisa takwas, jimla inci ɗaya da ɗaya bisa takwas. Sukuru mai inci ɗaya ya kama ƙarfe ya tsaya. Mai inci ɗaya da kwata, in ya faɗa daidai kan azara, sai ya shige ta, ya haɗe silin da daɓe, ƙarar taku ta samu gada. Kafinta ya ja layin alli a bango yana nuna inda kowace azara take, aka kwashe dogayen sukuru daga ɗakin gaba ɗaya. A falon gaba, inda adon filasta na silin ba ya taɓuwa, daga sama aka yi aikin: an ɗaga katakon daɓen hawa na biyu, kowane da lambarsa, aka cusa audugar, aka shimfiɗa tabarmar roba, aka mayar.

Bangon maƙwabci ma sai da aka bi. A wasu wurare ramin azararmu ya haɗe da na tasa, har haske na wucewa, kuma ta nan hayaƙi ke ƙetarawa gida zuwa gida. An toshe da bulo da kwaɓi. Bututun hayaƙin murhunan ɗumama ɗaki an rufe su a kowane hawa, aka bar adonsu na dutse.

Famfunan kashe gobara suna neman ruwan da zai ciyar da kan famfo huɗu lokaci guda na minti 30. Tsohon layin ruwan gidan uku bisa huɗu na inci ne, bai isa ba, sai da aka fasa titi aka ja mai inci 2. Wannan da sabon layin lantarki su ne suka fi daɗewa a layin jira, ya kamata a nemi izininsu tun ranar da aka amince da zane. Mitar lantarki huɗu aka sa, uku na fulat, ɗaya na fitilun matakala da ƙararrawar gobara. Tsohuwar wayar nan mai tafiya a kan ƙullutun tangaran an zare ta duka. Kowane fulat ya samu akwatin wuta mai amfiya 125, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗumamawa in hunturu ya zo. Injinansu na waje suna bayan rufi inda ba a hango su daga titi.

Tagogi, bango da ƙasa

Tagogin gaba na asali ne, masu hawa da sauka da igiya da nauyin ƙarfe a ɓoye. An cire su, aka kai waje aka wanke fentin tas, don gogayyar taga da firam ita ce babbar mai haifar da ƙurar dalma. An sauya igiya, aka sa sabon makari, aka ƙara gilashi na biyu ta ciki.

Abin tare sanyi a jikin tsohon bulo ba a zuba shi da yawa. Da can zafin ɗaki ke ratsa bango yana busar da shi. In ka tare zafin gaba ɗaya, bulo ya zauna a jiƙe cikin sanyi, kan azarar da ke cikinsa ya fara ruɓa. Mun sa kaɗan a bangon baya, bayan an gyara kwaɓi da indararo, muka zuba mai yawa a ƙarƙashin rufi, inda ya fi amfani. Bangon maƙwabta ba ya buƙata, ɗumin gidansu na bayansa.

An yi maganar haƙa ɗakin ƙasa ya zama fulat na huɗu, muka ƙi. Harsashin ba shi da zurfi, kuma rabin bangon na maƙwabci ne. Yin sa daidai yana nufin a sanar da maƙwabta a rubuce kwana goma kafin haƙa, a haƙa rami-rami mai faɗin ƙafa uku zuwa huɗu, ba a buɗe biyu a jere, a zuba kankare, a jira, a cusa busasshen kwaɓi tsakaninsa da tsohon harsashi, sannan a matsa gaba. Gidan jere kan zube a tsakiyar gyara idan wani ya yashe gindin bango a tsawonsa lokaci guda. Mun bar wurin ga mitoci, tankunan ruwan zafi da ma'ajiya.

Jami'an birni sun duba aikin katako, famfo, waya da famfunan gobara kafin a rufe bango, suka sake dubawa bayan an gama, sannan takardar izinin zama ta fito da sabon adadin fulat. Jihar Maryland tana neman a yi wa duk gidan haya da ya girmi 1978 rajista a ma'aikatar muhalli, kuma mai duba dalma ya shafo ƙura daga daɓe da gindin taga ya kai gwaji kafin ɗan haya ya shiga. Da wannan shaidar ake neman lasisin haya na birni. Kashi na uku na takardar rangwame ya tafi ne bayan haka. Daga ranar da aka fara amfani da gidan ana ƙirga shekara biyar: in aka sayar da shi ko aka yi masa sauyin da ba a amince da shi ba a cikinsu, gwamnati tana karɓe rangwamen, duka a shekarar farko, yana raguwa da kashi 20 cikin 100 kowace shekara.